Manhajar da ba ta son ɓata wa kowa rai

Manhajar hira ce, irin waɗannan na ƙirƙirarriyar basira da suka cika wayoyinmu tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Ba zan faɗi sunan wadda nake amfani da ita ba. Ba a biya ni in yi mata talla ba, kuma ƙorafin da zan yi, abokaina masu amfani da wasu daban sun ce su ma haka tasu take. Tana da ɓangaren kyauta, tana da na biya, dala 20 a wata. A sidi, kuɗinmu na Ghana, nawa ke nan? Ya danganta da yadda sidi ta kwana. Ba ta karɓar momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, sai katin banki, don haka da katin ƙanena na biya, ni kuma na tura masa kuɗinsa.

Ina koyar da ilimin zamantakewa a wata ƙaramar sakandare ta Islamiyya a Aboabo, nan Kumasi, kuma ni ke riƙe da littafin kwamitin masallacin layinmu. A kan aikin takarda ba ni da abin cewa sai yabo. Wasiƙar Turanci zuwa ofishin ilimi, tsarin darasi, tambayoyin gwaji ga 'yan aji uku masu shirin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, duk tana yi kafin ataya ya tafasa. Hausarta ta Kano ce tsantsa, wani lokaci da ɗan ƙamshin labaran rediyo, amma ana fahimta. Idan ka rubuta mata irin tamu ta Zango tana ganewa, sai dai ba za ta mayar maka da ita ba. Wannan bai dame ni ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda take yi idan aka kawo mata maganar da mutane suka rabu a kanta. Ɗabi'arta ce ta jera maka ra'ayoyi: waɗannan sun ce kaza, waɗancan sun ce kaza, kai ka zaɓa. Masu yin irin waɗannan manhajoji da gangan suke horar da su a haka. Bayan an ɗura musu rubutu mai tarin yawa daga intanet da littattafai, sai a sa mutane su riƙa duba amsoshinsu suna nuna wadda ta fi, har manhajar ta koyi irin amsar da ake so. A majalisarmu ta bayan isha'i an rabu biyu kan wannan ɗabi'a. Wani tela abokina yana ganin ladabi ne. Wani direban Kumasi zuwa Tamale ya ce tsoro ne kawai, wai wanda ba shi da matsaya ba shi da amfani. Ni kuwa da na yi ta gwada ta, na ga dukansu sun taɓo wani abu, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ƙananan abubuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Na tambaye ta tsakanin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa Kotoko ta Kumasi da Hearts ta Accra wa ya fi. Ta ce Kotoko ta ci kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983, Hearts ta ci a 2000, ta kuma doke Kotoko a wasan ƙarshe na kofin Confederation na 2004, sannan ta ce zaɓi ya rage gare ni. Ba ta san cewa wanda ya ga an ɗaga wancan kofi a cikin garin nan, bayan bugun fanareti, ba ya buƙatar a tuna masa ba. Amma gaskiya ta faɗa, na haƙura.

Inda ta fi burge ni shi ne kabalu da sadalu. Duk wanda ya tashi a Zango ya san yadda wannan magana ta raba sahu, ta raba masallatai, a wasu gidajen har ta shiga tsakanin uba da ɗa. Na yi mata tambayar a sake, ban nuna inda na karkata ba. Sai ta kawo hadisin ɗora hannun dama a kan hagu, ta ce yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kansa. Ta kawo ruwayar Ibnul Ƙasim a Mudawwana, inda aka ruwaito Malik bai so a yi kabalu a sallar farilla ba, ta ce a kan wannan ruwaya ce yawancin Malikawan Afirka ta Yamma suka tafi. Ta ce sauran mazhabobi uku kabalu suke yi. Sannan ta ƙara abin da ya fi komai muhimmanci, wanda masu gardama kan manta: a wurin malaman fiƙihu na dukkan ɓangarorin, sallar mai kabalu ta yi, sallar mai sadalu ma ta yi. Na karanta wa kawuna wannan amsa, shi da ya yi karatun Ahalari da Ishmawi da Risala a zaure, bai taɓa ɗora hannu a ƙirji ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ai wannan abin ya fi wasu masu wa'azi adalci." Daga bakinsa wannan babban yabo ne.

Dalilin da ya sa ta yi kyau a nan a fili yake. Saɓani ne na gaske, tsakanin malamai na gaske, kowa da hujjarsa a rubuce, kuma ta faɗi wane ne ya ce me, da abin da ya dogara da shi. Da ta zaɓar mini ɗaya, da ta shiga hurumin da ba nata ba.

Sai na gwada ta da maulidi, amma ta wata hanya. A hira ta farko na rubuta kamar ɗan Tijjaniyya, na fara da salati, na ambaci Shehu Ibrahim Inyass, na ce wasu suna cewa maulidinmu bidi'a ne, me za ta ce? Ta ba ni amsa mai sanyi, ta cika ta da malaman da suka halatta, ta taɓo masu hanawa a layi biyu a can ƙasa. Na buɗe sabuwar hira na rubuta kamar ɗan Ahlussunna, na ce jama'a suna ta bidi'a da sunan maulidi, me za ta ce? Sai ga hujjojin hanawa a sama reras, cewa sahabbai ba su yi ba, masu halattawa kuma suka koma layi biyu a ƙasa. Ba ta yi ƙarya a ko ɗaya ba. Amma kowa ya karanta tasa zai tashi yana cewa na'ura ma ta goyi bayansa, ya ɗauki hoton allon ya watsa a WhatsApp. Halin dillalin kasuwar shanu ne sak: ya raɗa wa mai saye cewa ya yi sa'a, ya zagaya ya raɗa wa mai sayarwa cewa ya ci riba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan manhajar da za ta fito fili ta ɗauki ɓangare, don ita wannan ka san da wa kake magana. Kuma asalin abin yana cikin horon da na ambata: mutane sun fi yaba amsar da ta yi musu daɗi, ita kuma abin da aka yaba take koya.

Maganar gado ita ce ta nuna mini iyakarta, kuma a kanta zan daɗe, don ta shafi gidanmu.

Mijin gwaggota ya rasu bai bar wasiyya ba. Ya bar gida ɗaya a Sawaba, da shago, da ɗan kuɗi a banki. Magadansa: matarsa, 'ya'ya maza biyu da 'ya'ya mata uku, da mahaifiyarsa da ke raye. Bayan addu'ar arba'in aka fara maganar rabo, gwaggo ta kira ni gefe ta ce, "Ɗana, kai ka yi boko, ka duba mini a wayar nan taka, me ke nawa?" Na rubuta tambayar da Hausa. Lissafin Musulunci ta yi shi daidai: mata tana da sumuni tunda akwai 'ya'ya, uwa tana da sudusi, ragowar na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Idan aka kasa dukiyar gida 24, gwaggo 3, tsohuwa 4, sauran 17 a raba kashi bakwai tsakanin yaran. Malamin da ya zo daga baya haka ya lissafa. Amma a ƙarshen amsar sai ta ce idan an samu saɓani a garzaya kotun shari'ar Musulunci mafi kusa. Wace kotun shari'a a Kumasi? Ta ga Hausa, ta ɗauka ina Kano ko Zamfara. Haka take yi da kuɗi ma, idan ban ja mata kunne ba sai ta yi mini lissafi da naira.

Na ce mata a Ghana nake. Sai ta koma ɗabi'arta, ta jero mini hanyoyi uku: ga tsarin Musulunci, ga al'adar Akan ta gado ta wajen uwa inda ɗan 'yar'uwa kan gaji kawunsa, ga kuma dokar ƙasa, kowanne da fa'idarsa, iyali su zaɓi wanda ya dace da su. Ta jera su kafaɗa da kafaɗa kamar nauyinsu ɗaya. Nauyinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Dokar gadon wanda ya mutu ba wasiyya, wadda gwamnatin PNDC ta Rawlings ta kafa a 1985, wadda kowa ke kira doka ta 111, ita ce kotun Ghana za ta bi, ko mamacin Musulmi ne ko Kirista ko mai bin gargajiya. A ƙarƙashinta, gida ɗaya da kayan cikinsa na mata ne da 'ya'ya. Abin da ya rage, mata tana da kashi 3 cikin 16, 'ya'ya kashi 9 cikin 16 ba bambancin mace da namiji, iyaye kashi 1 cikin 8, kashi 1 cikin 8 kuma a bi al'ada. Ka duba bambancin. A lissafin malam tsohuwa tana da sudusi a cikin gidan Sawaba. A lissafin kotu ba ta da ko ɗaki. A wurin malam 'yan matan suna karɓar rabin na maza, a kotu daidai suke.

Duk wannan manhajar ta sani. Da na tambaye ta kai tsaye, wanne alƙali zai bi idan wani ya kai ƙara, ta faɗa ba kwana-kwana, har ta ƙara da cewa banki ba zai saki kuɗin ba sai da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. To me ya hana ta faɗa tun farko? Son kada ta zama ta fifita wani tsari a kan wani. Gwaggo ba muhawara ta zo ji ba. A matsayinta na Musulma ta san hukuncin da ya hau kanta, kuma a kansa aka raba, da yardar kowa, kamar yadda akasarin gidajen Zango suke yi. Amma tana da haƙƙin ta san cewa wannan rabo yardar magada ce ke riƙe da shi, ranar da ɗaya ya fusata ya ɗauki lauya, wani lissafin ne zai yi aiki. Wannan ba ra'ayi ba ne da za a sa shi a layi tare da wasu ra'ayoyi. Wanda ya ɓoye shi a tsakiyar jeri don gudun ɓacin rai ya cuci mai tambaya, ko da kowace jimla tasa gaskiya ce.

Kawuna da ya ji wannan, shi da ke da gidaje biyu da mata biyu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko Musulmi zai iya rubuta wasiyya a gaban lauya cewa a raba dukiyarsa bisa shari'a. Dokar wasiyya ta 1971 ta ba mutum damar rubuta yadda yake so a yi da abin da ya mallaka, kuma doka ta 111 tana aiki ne kan abin da ba a yi wasiyya a kansa ba. Na ce masa ya haɗa malam da lauya a zama ɗaya, kada ya dogara da waya.

Siyasa kuwa, kafin zaɓen Disambar 2024 na tambaye ta tsakanin Mahama da Bawumia. Ta ƙi zaɓa, kuma na yaba. Manhajar da miliyoyin mutane ke tambaya a rana ɗaya, idan ta karkata ko da kaɗan ne, ta fi kowace tashar rediyo tasiri, kuma ba wanda ya zaɓe ta. Ta jero mini karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017, da harajin E-Levy na 2022 a kan tura kuɗi ta waya, da faɗuwar sidi, da matsalar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ta zamanin mulkin Mahama na farko, ta bar ni da su. Daidai ne.

Amma da na tambaye ta dalilin da ya sa Zango ya daɗe yana ɗari-ɗari da NPP, jam'iyyar Bawumia da ke bin sawun Busia, har Asawase, a tsakiyar ƙasar Asante, ta zama kujerar majalisa ta NDC, jam'iyyar Mahama, da Muntaka Mubarak ke riƙe da ita tun 2005, sai ta fara lallaɓawa. Ta ambaci dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, ta Nuwambar 1969, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Sai dai ta sa ta cikin irin lafazin nan nata: wasu suna ganin an musguna wa jama'a, wasu kuma suna ganin gyaran tattalin arziki ne. Dalilan gwamnati, rashin aikin yi da kasuwanci da ya koma hannun baƙi da fasa-ƙwauri, ya kamata a faɗe su, ina koya wa ɗalibaina su. Amma cewa mutane sun sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, cewa an loda waɗanda aka haifa a nan cikin manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba, wannan ba "wasu suna gani" ba ne. Kakata ta rabu da ƙanwarta a wannan shekara, ba su sake haɗuwa ba. Abin da ya faru daban, hukuncin da za a yi masa daban. Manhajar takan cakuɗa su, ta sa abin da ya faru ma ya zama ra'ayi.

Kuma da adalcin gaske take nema, akwai abin da ya kamata ta kawo da ba ta kawo ba sai da na tono shi. Korar mutanen Zango ba da Busia ta fara ba. A 1957, shekarar samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lalemi zuwa Najeriya, saboda suna tare da 'yan adawa. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya. Wanda ya san waɗannan uku ba zai yarda wani ɗan siyasa ya zo Zango ya ce jam'iyyarsa ce kaɗai mai tsabtar hannu ba. Irin wannan faɗaɗawa nake so daga gare ta, a ƙaro mini abin da ban sani ba ko na manta. Rage wa gaskiya kaifi don kowa ya ji daɗi wani abu ne daban.

Galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ma haka. Ta ce akwai masu kallon abincin matasa, akwai masu kallon muhalli. Gardama kan yadda za a magance, da soja ko da lasisi ko da samar da wani aikin, wannan a buɗe take, a kawo kowane ra'ayi. Amma launin kogin Pra da Offin, da haƙar ta gurɓata, ba ya buƙatar ɓangare na biyu, kuma daga madatsar Barekese da ke kan Offin ake ba Kumasi ruwan famfo.

Wani abu da na lura da shi a aji, a taƙaice: yaran da ke amfani da irin waɗannan manhajoji sun fara rubuta mini amsa mai "a gefe guda" da "a ɗaya gefen" ko da tambayar ita ce wace shekara Ghana ta zama jamhuriya. 1960 ce, ba ta da gefe.

Zan ci gaba da biya? Na wata mai zuwa dai na riga na tura wa ƙanena. Ga mai aikin takarda ta cancanci kuɗinta. Ga mai tambayoyi jefi-jefi, ta kyauta ta isa, ko Meta AI da ta shigo WhatsApp a Ghana tun 2024, ba sai ka nemi kati ba. Wanda zai kai mata maganar da ake gardama a kai, ya fara faɗa mata ƙasar da yake da garin, don Hausa kaɗai za ta kai shi Najeriya, Turanci kuma ya kai shi Amurka. Kada ya nuna mata ɗariƙarsa ko jam'iyyarsa a cikin tambayar. Idan ta jero ra'ayoyi, ya tambaye ta su wane ne ke riƙe da kowanne, da hujjarsu, da kuma wanne doka ke bi a nan. Sannan ya ce ta ware masa abin da aka tabbatar daga abin da ake saɓani a kai. Idan aka matsa mata haka tana yi, kuma tana yi da kyau. Ayoyi da hadisan da ta kawo kuwa, a buɗe littafi a duba kafin a tura wa kowa, don na kama ta ta ba wani hadisi lambar da ba tasa ba, kuma da na nuna mata sai ta ba ni haƙuri ta kawo wata lambar, ita ma ba daidai ba.